Matar da Saura Kaɗan Ya Bari a Tsakiyar Kogi

Akwai wani mai wanki da guga da ake kira Saura Kaɗan. Ba sunan yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa.

Ka kai masa kaya da safe, kafin la'asar ya wanke, ya goge, ya linke, karin wandon nan kamar ya yanka maka yatsa. Amma ka tambaye shi, "Ina labarin littafin nan da kake rubutawa?" Sai ya ɗaga dutsen guga, ya hura gawayi, ya ce, "Saura kaɗan."

Haka ya ce bara. Haka ya ce bara waccan. Tun gashin kansa yana baƙi wuluk yake faɗa, har furfura ta fara leƙowa ta gefen kunne tana sauraro.

Kuma kada ku ɗauka littafi ɗaya ne. A ƙarƙashin teburin gugarsa akwai wani tsohon kwalin sabulu, cike yake da littattafan rubutu. Kowanne ka buɗe, za ka ga sunan labari da jan biro, ka ga sunan marubuci an ja masa layi biyu, ka ga shafuka kaɗan na rubutu mai kyau. Daga nan sai farar takarda fes har bango.

Ciwonsa ɗaya ne: sabon littafin rubutu. Ba ya iya wuce shagon mai sayar da takardu bai shiga ya shinshina ba. In ya shinshina sai ya saya. In ya saya, ba ya iya ci gaba da tsohon labari a ciki, wai sabuwar takarda sabon labari take so.

Ta haka ya tara mutane a cikin kwalin nan, kowa a inda aka bar shi. Akwai direban da ya kai mararraba ya kunna sigina, har yau bai juya ba. Akwai mai fentin da ya hau tsani ya ɗaga buroshi, hannunsa na nan a sama. Akwai kuma wata mata da ta shiga kwalekwale za ta koma garinsu bayan shekaru masu yawa, da ƙullin kaya a cinya. Ta kai tsakiyar kogi, ta hango hayaƙin gidajen garin, sai marubucin ya sayi sabon littafi.

Maƙwabcin shagonsa, Mai Faci, shi ne babban mai tsokanarsa. Yana zaune cikin tayoyi zai ɗaga murya:

"Marubuci! Yau kuma wa ka rataye?"

"Ka yi facinka, ka bar masu tunani su yi tunani."

"Ni dai roƙona ɗaya. Ka saka ni a littafinka. Na ji an ce duk wanda ya shiga ba ya mutuwa, ba ya tsufa, ba ya biyan haya."

Saura Kaɗan murmushi kawai yake yi. Ba wanda ya taɓa ganin abin da ya rubuta, ko matarsa. Kunya ce da shi kamar sabon suruki. Mutum ɗaya kaɗai yake karanta wa, ita ce kakarsa, wadda ke zaune a ɗan ɗakin da ke ƙuryar gidansu.

Kaka ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma kunnenta rumbu ne. In ya tashi daga aiki da yamma, sai ya zauna a bakin ƙofarta, ya saukar da labule, ya karanta mata a hankali kamar mai gulma. Ita kuma ta lumshe ido, tana gyaɗa kai, tana tafiya tare da mutanen.

"Angona," in ji ta, don haka take kiransa, "muryarka daɗi, aikinka rabi. Da haka ka yi zawarcina da ban aure ka ba."

"Haba amarya, ai manyan littattafai ba a yi musu gaggawa."

"Matar nan fa ta cikin kwalekwale? Ƙafarta ba ta yi tsami ba?"

"Saura kaɗan."

"Saura kaɗan gatari ya sari gwiwa," in ji Kaka, ta juya masa ƙeya.

Ana nan, sai aka fara lura da wani abu. A kira Kaka daga tsakar gida, shiru. A yi sallama a ƙofarta, sai ta ga inuwa sannan ta amsa. Rediyonta da take sawa ƙasa-ƙasa ya koma yana damun maƙwabta.

Saura Kaɗan ya kai ta asibiti. Likita ya leƙa kunnen nan, ya leƙa wancan, ya ja shi gefe.

"Jinta tafiya yake yi, kuma ba mai dawowa ba ne. Tsufa ne. In akwai abin da kuke son ta ji, ku faɗa mata tun yanzu."

Maganar ta taɓa shi ƙwarai. Ta taɓa shi har ya ji wani sabon labari yana taso masa, labarin wata tsohuwa da duniya ke yi wa shiru sannu a hankali. To ku faɗa min, me kuke tsammani ya yi a hanyar komawa gida?

Ya sayi sabon littafi.

Da yamma ya zo bakin ƙofa yana ta washe baki. Kaka ta miƙa hannu ta karɓi littafin, ta kai hanci, ta miƙa masa abinsa.

"Wannan sabo ne. Mayar da shi inda ka samo."

"Ki ji farkon kawai, wallahi ya fi duk na baya."

"Na ƙoshi da farko, angona. Farko na ci har ya gundure ni." Sannan ta ce, "Ka san ni ma ruwa na tsallako na zo nan? Ina yarinya. Na baro yayata a bakin kogi tana wanki. Mun yi faɗa a kan wani ɗan kunne, ko sallamar kirki ba mu yi ba. Kullum ina cewa zan koma, sai na yaye wannan, sai na aurar da wancan. Har aka aiko min ta rasu."

Bai taɓa jin wannan ba. Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ni ban koma ba," in ji Kaka. "Ita wannan ta kwalekwale dai ka bar ta ta koma. Kuma ka yi tun kunnen nan bai rufe shago ba."

Washegari ya tono tsohon littafin daga ƙasan kwali, bangonsa har ya sha ƙamshin sabulu. Ya zauna zai rubuta. Sai ga abin da ya daɗe yana gudu ya tsaya a gabansa.

A cikin kansa, ƙarshen labarin nan ya fi ƙarfin takarda. Yana ganin gari ya fito kaf, ana guɗa, rana tana faɗuwa a kan ruwa kamar an narkar da zinariya. Amma da ya ɗora biro, sai abin ya fito ƙarami, gurgu, kamar rigar da ta shiga ruwa ta tsuke. Ya rubuta ya soke. Ya rubuta ya yage. Littafin da ba a gama ba, ai ba shi da aibi. Shi ya sa bai taɓa gama ko ɗaya ba.

Kwanaki suna ta wucewa. Kaka ta daina kunna rediyo.

Wata rana da tsakar rana, zafi ya yi zafi, titi ya yi tsit. Ya yayyafa wa wata farar riga ruwa, ya ɗora dutsen guga, tururi ya tashi. Yana kallon tururin nan, idonsa ya yi nauyi.

Sai ya ga tururin ya cika shagon ya zama hazo. Kayan da ke rataye a igiya suna kaɗawa kamar ciyawar bakin ruwa. A ƙofa mutane sun yi layi, kamar masu karɓar wanki.

Direba ne a gaba, idanunsa jajir. "Oga, dama ko hagu? Batir ya kusa mutuwa."

Mai fenti yana bayansa, hannu a sama. "Ni ba na ma neman a gama ginin. A bar ni in sosa hancina."

Can baya kuma, inda ya kamata a ce titi ne, ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani. Matar tana zaune a kwalekwale da ƙullinta a cinya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube shi da wasu idanu irin na Kaka, da ya sani tun yana goye.

"Ɗana, ni ba guɗa nake nema ba," in ji ta. "Ƙasa nake so in taka."

"Maigida!"

Ya zabura. Ya ɗage dutsen guga, saura ƙiris rigar mutane ta ƙone. Matarsa ce a bayan shago, inda suke wanki. Tun ranar da ya shigo da sabon littafin nan take fushi da shi, gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Ga ta tsaye da wani jibgegen zanen gado yana zubar da ruwa, ya fi ƙarfin hannu biyu.

Ba ta ce ta huce ba. Ba ta ce ya ba ta haƙuri ba. Bakin zanen kawai ta miƙo masa.

"Riƙe nan mu matse."

Ya riƙe. Tana murɗawa dama, yana murɗawa hagu, ruwa yana zuba a ƙafafunsu. Kafin zanen ya tsane, fushin ya bi ruwan ya tafi.

Sai ya saki zanen tim a ƙasa, ya ruga cikin shago.

"Ka ga mutumin nan! Sai na sake ɗaurayewa fa!"

Bai ji ta ba. A tsaye ya rubuta, a kan teburin guga, da jiƙaƙƙen hannu, a cikin tsohon littafin. Babu zinariya, babu guɗa. Rubutun ma ya karkace. Amma ya kai inda ya ja layi a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba tun da uwarsa ta haife shi.

Da la'asar ya zauna a ƙofar Kaka, ya saukar da labule, ya fara karantawa a hankali yadda ya saba. Ya ci shafi guda, sai ta taɓa gwiwarsa.

"Angona, ka fara mana. Me kake jira?"

Ya ƙara murya. Ta karkato kunne, ta girgiza kai. Ya ƙara. Ta ce, "Bakinka kawai nake gani yana motsi kamar akuya na tuƙa."

Ya dubi labulen. A bayansa akwai tsakar gida, akwai matan haya suna tsintar shinkafa, akwai titi. Mutumin da ko matarsa bai taɓa karanta wa layi ɗaya ba. In ya ɗaga murya, kowa zai ji, kuma kowa zai ji abin nan da bai kai wanda ke cikin kansa kyau ba. In bai ɗaga ba, matar ta zauna a ruwa ke nan har abada.

Ya miƙe tsaye, ya yaye labulen, ya cika ƙirji da iska.

"SAI KWALEKWALEN YA DUNGURI GAƁA!"

Kaji suka watse. Matan haya suka saki faranti. Mai Faci ya faɗo gidan da ƙarfen cire taya a hannu yana cewa, "Ina ɓarawon?"

Saura Kaɗan bai tsaya ba. Gumi yana zuba, ya ci gaba da kwarara labari. Yadda matar ta sauke ƙafa ta ji laka mai sanyi ta shiga tsakanin yatsunta. Yadda ba wanda ya gane ta, yara suna wucewa, masunta suna gyaran komar kamun kifi. Yadda ta hango wata tsohuwa a kan dutse tana fama da jiƙaƙƙen zane ita kaɗai. Tsohuwar ta ɗago kai, ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

Mai Faci ya sauke ƙarfensa a hankali.

Kaka kuwa tsinta-tsinta take ji, kalma ɗaya ta shiga, uku su wuce.

"Ta sauka?"

"TA SAUKA!"

"Wa ta tarar?"

"YAYARTA!"

Kaka ta ce, "Me ta ce mata? Ta yi mata faɗa?"

Ya faɗa. Ba ta ji ba. Ya sa baki a kunnenta ya sake faɗa, ta girgiza kai, idonta ya ciko. Wurin nan dai, wurin da ta fi shekara hamsin tana jira, shi ne ya ƙi shiga.

Sai ya ajiye littafin. Ya zare mayafin da ke kafaɗarta, ya sa mata baki ɗaya a hannu, ya riƙe ɗayan. Ya fara murɗawa a hankali.

Kaka ta dubi mayafin. Ta dubi hannunta. Sai ga tsofaffin yatsun nan sun kama, suna murɗawa ta ɗaya gefen, kamar jiya suka bari.

"Riƙe nan mu matse," in ji Kaka, ita da kanta. Ta yi dariya, hawaye yana bin tamojin fuskarta. "Wallahi haka za ta ce. Ba ta iya ba da haƙuri ba, 'yar banza. Haka za ta ce."

Mai Faci ya juya baya yana goge ido da hannu mai baƙin mai, ya mayar da fuskarsa kamar gindin tukunya. "Ƙura ce," in ji shi, alhali ba wanda ya tambaye shi.

Kaka ta gyara zama, ta ja mayafinta ta yafa.

"Angona, yau ka biya sadaki. Yanzu je ka sauko min da mai fentin nan. Rana ta yi masa yawa."

Ya buɗe baki zai ce abin da ya saba cewa. Gidan gaba ɗaya ya zuba masa ido. Sai ya haɗiye, ya ɗauki bironsa, ya nufi kwalin sabulu.

Darasi: Abin da ka gama, ko da ya karkace, ya fi kyakkyawan da ke kwance a cikin kanka, domin wanda ke jiransa ba zai jira har abada ba. Duba kwalinka, ka ga wa ka bari a tsakiyar ruwa. Ku tura wa duk wani Saura Kaɗan da kuka sani, kuma ku tura yanzu, kada ku ce sai an jima.