Wainar da Tae-sik Ya Hana Maƙwabta

Akwai wani mutum mai suna Pyo Tae-sik da ya sayi tsohon gida a wata unguwar kan tudu a nan garinmu Chuncheon. Ma'aikacin kamfanin inshora ne da ya daɗe a Seoul, irin mutanen nan da ke amsa gaisuwa da haɓa.

Amma kada in zalunce shi, niyyarsa ta sayen gidan mai kyau ce. Mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana zaune a gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Tae-sik ya yi masa alkawarin zai ɗauko shi kafin sanyi ya shigo, ya ƙarasa rayuwarsa a ɗakin ɗansa. Don haka ya sayar da gidansa na saman bene, ya nemi a mayar da aikinsa nan, ya zuba duk abin da ya mallaka a wannan gida na ƙasa mai ɗan fili, wanda keken tsohon zai iya shiga.

Gidan kuwa yana neman aiki biyu. Bututun ruwan zafi da ke ƙarƙashin daɓen ɗakuna, wanda ke ɗumama gida, ya tsufa. Wayoyin wuta ma tun na zamanin da ne.

To, kowa ya san yadda ake yi. In ka shigo unguwa, kafin ka buga ƙusa ɗaya sai ka ɗauki wainar shinkafa mai jan wake ka bi ƙofa-ƙofa, ka rusuna, ka ba da haƙurin ƙarar da za a yi. Ba wainar ce ta dami kowa ba. A bakin ƙofar nan ne tsofaffi ke buɗe baki su faɗa maka wa ke aikin kirki, wa kuma za ka guda.

Matarsa Hye-ran ta yi odar wainar tun da wuri. Tana jera ta a faranti sai ga shi ya shigo.

"Wannan fa? Biki za ki yi?"

"Ta maƙwabta ce mana, maigida. Ga fasa ƙasa da za a yi, ai sai mu gaisa da mutane."

"Gida na saya, ban sayi maƙwabta ba. Ni zan bi layi ina duƙa wa tsofaffi masu warin tafarnuwa? Yau ki kai musu waina, gobe su shigo har kicin su ƙirga miki cokula."

"Haba, haka fa iyayenmu suke yi."

"Shi ya sa suka mutu a ƙauye."

Washegari ya kwashe wainar ya kai ofis, abokan aikinsa suka cinye da shayi. Ita kuma Hye-ran kunya ta hana ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa hannu rabbana, tun daga ranar ta dinga wuce maƙwabta kanta a ƙasa.

Neman ma'aikata kuwa a waya Tae-sik ya yi shi. Ya bi hotuna, ya bi taurarin yabo, har ya faɗa kan wani Oga Gu. Mutum ne mai farar mota mai sheƙi da baki kamar zuma. Ya zagaya gidan hannu a aljihu, ya ce, "Yallaɓai, kai da ka zauna a babban birni ka san aiki. Ɗumama ƙasa da wayarin duk a hannuna za su fita, ba sai ka yi ta fama da mutum biyu ba. Kafin ƙanƙara ta sauka Baba yana kwance a ƙasa mai zafi."

Kalmar yallaɓai kaɗai ta gama da Tae-sik.

Ranar da aka fara aiki, matan layin suna tsakar gidan Iya Mal-sun, tsohuwar da ke daura da gidan Tae-sik, suna barbaɗa wa kabeji gishiri don kimci, wato kabeji mai yaji da ake ajiyewa a ci lokacin sanyi. Da farar motar ta tsaya sai hira ta ɗauke. Suka kalli juna.

Sun san Oga Gu sarai. Shi ya yi wa mai gidan na farko aiki, kuma aikin nan ne ya kori mutumin har ya sa gidan a kasuwa. Gu ba ya tone tsohon bututu. Sai ya canza bakin da ido ke gani, ya kafa sabuwar tukunyar ɗumama mai ƙyalli, ya shimfiɗa sabuwar leda a kan ruɓa.

Iya Mal-sun ta goge hannu a gyalenta ta tsallaka titi.

"Sannu da aiki, ɗana. Ni ce ta gidan can. Na ce ko za ka ba ni kunnenka kaɗan game da mai motar nan? Akwai wani Dattijo Ha a ƙasan layi, shi ke..."

Bai bari ta kai ƙarshe ba.

"Iya, in ɗan'uwanku kuke nema wa aiki, mun riga mun bayar. Kuma don Allah a janye motar kabejin nan, ta tare min ƙofa."

Tsohuwa ta tsaya tana kallonsa. Ta haura tamanin, rabon da wani ya katse mata magana har ta manta. Ta juya a hankali ta koma.

"Me ya ce?" in ji matan.

"Ya ce a janye masa mota."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To a janye masa. Mutumin da ko waina bai san hanyar ƙofarmu da ita ba."

Aka janye mota, aka ci gaba da kabeji. Ni dai ban wanke matan nan tas ba, don akwai tsoho mara lafiya a cikin maganar. Amma wanda aka rufe wa baki sau ɗaya a gaban jama'a, da wuya ya sake buɗe shi.

Cikin ɗan lokaci aiki ya kammala. Leda sabuwa fes, soket farare tas, tukunya tana ta ƙyalli a lungu. Tae-sik ya ɗauki hotuna ya tura wa abokansa na Seoul.

Da ya je ɗauko mahaifinsa, shugabar gidan tsofaffin ta ja shi gefe.

"Ka san mutane na layi a kan gadon nan. Me zai hana ka bar sunansa tukuna, sai kun ga yadda gidan ya yi da sanyi? In ka sake shi yau, gobe wani ya hau."

"Ubana ba zai sake kwana a nan ba," in ji Tae-sik. "Ku ba wanda kuke so."

Allah sarki, da kun ga tsohon nan ranar da ya shiga ɗakinsa. Ya sa aka sauko da shi daga keke, ya kwanta a ƙasa, ya shimfiɗa tafin hannunsa mai lafiya a kan daɓen yana jin ɗumi na ratsa shi. Hye-ran ta dafa masa miyar waken soya irin wadda yake so. Ya ci, ya nemi ƙari, ya ce da ita, "'Yata, yau ƙashina ya san ya dawo gida."

Daɗin bai yi nisa ba. Sanyi ya sauko da ƙarfinsa, irin wanda ke daskarar da kogi, Tae-sik ya ƙure wa tukunya wuta.

Da safe Hye-ran ta fito za ta ɗora shinkafa, sai ta ji safarta ta jiƙe sharkaf. Ta danna makunni, ba wuta. Bango ya yi baƙi a gefen soket, ƙauri ya cika falo. Ta ruga ɗakin surukinta.

Tsohon yana kwance a kan katifar da ta sha ruwa, ruwan ya huce ya zama kamar ƙanƙara, leɓensa ya canza launi, jikinsa sai ɓari yake.

"Baba! Tun yaushe? Me ya sa ba ka kira mu ba?"

Da ƙyar ya haɗa maganar. "Na ga kun gaji. Na ce bari gari ya waye."

Aka kwashe shi sai asibiti, sanyi ya kama masa ƙirji.

Tae-sik ya kira Oga Gu, waya a kashe. Ya sake kira, a kashe. Ya bi sauran masu taurarin nan ɗaya bayan ɗaya. A wannan sanyi bututu na fashewa ko'ina a gari, kowa ya ce sai dai ya shiga layi. Mutumin da ya ce bai sayi maƙwabta ba, sai ga shi a ƙofar Iya Mal-sun da jiƙaƙƙen takalmi, ya rasa ta inda zai fara.

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa.

"Motar ce ta sake tare maka ƙofa?"

"Iya, ki yi haƙuri. Gidan ne. Baba yana asibiti."

Jin an ambaci tsohon kaɗai ya ishe ta. Ta ɗauko waya ta kira Dattijo Ha. "Ka bar abin da kake yi ka hau tudu, ka taho da surukinka mai wuta. E, gidan nan dai. Gu ya sake yi."

Kafin rana ta karkata suka iso. Dattijo Ha ya fasa kusurwar ɗaki, sai ga tsohon bututu ya yi tsatsa ya tsage, an ɗaura masa guntun sabo a baki. Mai wutar ya cire soket ɗaya, ya nuna wa Tae-sik tsofaffin wayoyi da suka ƙone a bayan farar roba.

"Ku gyara min yau," in ji Tae-sik. "Ko me za a kashe."

Dattijo Ha ya girgiza kai. "Ba maganar kashewa ba ce, ɗana. Sai an fasa ƙasan gidan gaba ɗaya, an sa sabon bututu, an zuba siminti. Siminti kuwa ba ya kamawa a wannan sanyi. Sai dai in ƙanƙara ta narke. Da watan jiya ne, da tuni an wuce wajen."

Iya Mal-sun tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abin da na tsallako in faɗa maka ke nan."

Da aka sallami tsohon daga asibiti, ba inda za a kai shi. Tae-sik da matarsa sun raɓe a ɗakin yayar Hye-ran, can saman bene mai matsattsen tsani. Abin kama wani gida babu, komai yana binne a ƙarƙashin ledar Gu. Tae-sik ya koma gidan tsofaffi yana roƙo, shugabar ta nuna masa gadon da hannu. Wani tsoho ne kwance a kai yana barci.

Bayan dogon nema aka samu wuri can kudu, tafiyar wuni guda, garin da tsohon bai san kowa ba. Aka sa tsohon a mota. Yana ta kallon duwatsun garinsu ta taga har suka ɓace.

Sanyi ya wuce. Dattijo Ha da surukinsa suka yi aiki mai kyau, ƙasa ta yi ɗumi, wuta ta zauna lafiya. Tae-sik ya tuƙa mota tun safe har kudu, ya durƙusa a gaban keken mahaifinsa.

"Baba, an gama gyara. Wannan karon da gaske ne. Na zo mu tafi."

Tsohon ya rame. Ya daɗe yana kallon ɗansa, ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi fushi ciwo.

"Ka koma, Tae-sik. Ka gaida min Hye-ran."

"Baba, don Allah."

"Na gaji da a ɗauke ni a ajiye. Ka bar ni a nan. Mutanen nan ba su taɓa yi min alkawarin komai ba."

Ya yi wa ma'aikaciya alama da kai, ta zo ta tura kekensa ciki. Tae-sik ya dawo Chuncheon shi kaɗai.

Darasi: Da ɗan gari akan ci gari. In ka shiga sabon wuri, ka fara da gaida waɗanda ka tarar, don abin da ke binne a ƙarƙashin gidanka yana bakin maƙwabcinka, ba ya cikin wayarka. Girman kai kuwa ba mai shi kaɗai yake kayarwa ba, sau da yawa wanda ya fi ƙauna ne ke kwana a cikin ruwan. In ka san wani da ke shirin sayen gida ko tarewa a sabuwar unguwa, ka tura masa wannan tun bai rufe wa wata tsohuwa baki ba.