Mai Askin Da Ya Raina Girkin Gidansa

Jama'ar shafi, kun san dai babu mai harshe irin nawa. Ko daga bakin ƙofa na shaƙi ƙamshin miya, zan faɗa muku hannun da ya haɗa ta. To, ban da rannan da na yi ta yaba wa surukata kan wata miya, ashe maƙwabta ne suka aiko. Mu bar wannan.

Akwai wani mai aski a layinmu, ana ce masa Kaifi. Hannunsa kamar ba ya taɓa kai, kana hira za ka ji ya ce "sauka". Shi ma ya san ya iya, shi ya sa ba a gaya masa magana.

Wata rana yana tsakar gyara wa wani gemu, hannunsa na dama ya ɗau rawa, reza ta faɗi ƙasa. A asibiti likita ya ce hawan jini ne. Ya ce ga magani, kuma a rage gishiri da sinadarin ɗanɗano sosai, in ba haka ba wata rana hannun nan zai kwanta ya ƙi tashi.

Matarsa, Maman Biyu, ta ɗaura ɗamara. Ta koyi haɗa miya da tafarnuwa, citta, albasa mai yawa da ɗan lemon tsami. Amma Kaifi ko cokali bai cika kaiwa baki ba, zai ture kwano.

"Wannan ai abincin gadon asibiti ne. Ni kike so ki kashe da lami?"

"Baban Biyu, ɗanɗana dai."

"Idona ya ɗanɗana."

Sai ya koma cin rana a gidan abincin da ke kallon shagonsa, wurin wata mata da ake ce wa Anti Ludayi. Teburinsa na kusa da fanka. Maman Biyu ta ji labari, ta ci gaba da girkinta. Magani dai kullum da safe sai ta tsaya a kansa ya haɗiye.

Aka ɗan kwana biyu, rawar hannu ta tafi. Likita ya auna, ya ce jini ya sauka, a ci gaba da abin da ake yi. Wayyo, ai sai bakin Kaifi ya buɗe! Duk wanda ya zauna kujerar aski sai ya sha wa'azi.

"Likitocin nan tsoratarwa ce kawai. Ni kullum a waje nake ci, miya zau, ga ni garau!"

Akwai yayansa, direban babbar mota, shi ma ciwon ke damunsa, nasa ma ya fi tsanani. Kaifi ya ja shi har teburin kusa da fanka.

"Yaya, yau za ka ci abincin masu rai. Anti! A zubo wa Yaya irin nawa sak."

Anti Ludayi ta tsaya da faranti a hannu.

"Irin naka ɗaya ne, Kaifi."

"Kamar ya ɗaya? Ga tukunya can tana tafasa!"

"Ta tukunya gishirinta ya ji. Ba zan ba mai hawan jini ba, ban shirya ɗaukar alhaki ba."

"To ni me nake ci?"

Ta shiga ciki, ta fito da wata kular abinci mai ruwan ganye, murfinta ya ɗan tsage a gefe. Ta dire a gabansa.

"Ka san wannan?"

Ya san ta mana. Shi da kansa ya tsaga murfin, ranar da ya ture ta.

"Kullum kafin azahar matarka ke shigo da ita ta ƙofar baya. Ni juyewa kawai nake a farantina, in ɗora yankan tumatir a kai. Ranar da ka ce in je in koya wa matarka girki, tana tsaye bayan labulen nan."

Wurin ya kwashe da dariya. Yaya har da buga tebur.

"Ƙanena, ashe abincin gidanka kake tsallaka titi ka saya! Miƙo kular nan, kai ka ci iskar fanka."

Yaya ya cinye tas, ya suɗe cokali. Kaifi ya tashi da yunwa, bai koma shago ba, gida ya nufa. Ya tarar da Maman Biyu tana yanka albasa. Ya miƙa hannunsa na dama a gabanta, ko motsi ba ya yi.

"Wannan hannun naki ne."

"To tunda nawa ne, ungo wuƙa, ƙarasa min albasar."

Yanzu ku je shagonsa da rana ku gani. Kula na kan benci, kuma ba ya aske kai bai ba da labarin matarsa ba. "Duk matar da ta isa ta zo a gwada!" Yaya ma ya turo tasa matar koyo.

Ina karanta wa uwargidana wannan rubutu kafin in saka, na ce mata ai ni na ba Maman Biyu dabarar ƙofar baya. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai? Kai da sai da aka gama dariya ka ji labarin a bakina?"

Darasi: Kada ka raina hannun da ke wahala don lafiyarka, kuma kada ka ɗauki sauƙin da ka samu ka je kana koya wa wani mara lafiya taurin kai. Ka bi maganar likita, ka gode wa mai dafa maka. Ku tura wa duk wani mai ture kwano da kuka sani, ko da a gidanku yake.