Mutumin da Ya Ce Madina Za Shi

A nan Makka, can cikin lungunan Misfala, an yi wani mutum wanda duk wanda ya san shi yana son sa. Ba za a faɗi sunansa ba, domin yana nan da ransa, kuma rufin asirin Musulmi wajibi ne a kanmu. Mahaifiyarsa Hajiya Fatsuma tana ce masa Auta. Mu ma bari mu kira shi haka.

Auta direba ne. Bas yake ja, yana kwasar alhazai daga Kudai zuwa Harami, ya komo ya sake kwasa. In ya hangi wata tsohuwa daga Najeriya ta rikice da Larabci a tasha, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, shigo, ɗanki ne ke tuƙi." Ba a taɓa jin ya ɗaga wa matarsa Safiyatu murya ba. In ya dawo daga aiki, kafin ya nemi abinci sai ya shiga ɗakin uwarsa ya sumbaci kanta.

Abu ɗaya ne ya shiga ransa, shi ne kashta. Kun san ta, fitar nan da samarin ƙasar nan suke yi ranakun hutu, su ɗauki jif da tanti da tukunya su nutsa cikin sahara, su hau tudun rairayi su gangara, su dafa kabsa, shinkafa da nama, a kan itace. Mutumin da ya yi mako guda cikin hayaƙin motoci da ƙarar ham, in ya so ya je inda ba ya jin komai sai iska, wa zai ga laifinsa? Wannan ba zunubi ba ne, ya 'yan uwa. Ba a nan zunubin yake ba.

Masu kashta suna da ƙa'idarsu. Ba a shiga da mota ɗaya, sai biyu ko fiye, don in ɗaya ta kafe ɗayar ta ja ta. Kuma kafin ka bar kwalta, sai ka gaya wa wani a gida inda ka nufa da ranar da za ka dawo. Auta ya san wannan sarai. Shi ne ma yake koya wa sababbin shiga. Kullum tare yake fita da maƙwabcinsa Nawaf, kowa da motarsa.

Hajiya Fatsuma kuwa ba ta ƙaunar jin kalmar kashta. Kakanta da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, kuma ta tashi tana jin labarin waɗanda aka binne a hanya ba ko alamar kabari.

"Kakanninka sun ratsa rairayi don su zo Ɗakin Allah," take ce masa. "Kai an haife ka a gindin Ɗakin, kana komawa rairayi wasa."

"Ummi, su da jaki suka zo. Ni jif gare ni."

"Jakin ya fi ta. Shi in ka suma ya san hanyar gida."

Sai ya yi dariya ya kama hannunta, ita ma ta yi murmushi tana ture shi. Haka suke. Amma wata rana ya makara wajen dawowa, ya tarar jininta ya hau har an kai ta asibiti. Ran nan ba wasa a bakinta. Ta ce ba ta yarda ya sake zuwa ba. Ya ce to.

Ya riƙe alkawari har sanyi ya kusa ƙarewa. Abokai suna ta turo masa hotuna, ga wuta, ga butar shayi, ga rairayi ja wur. Yana kallo yana haɗiyar yawu. Kun san Shaiɗan ba ya zuwa wa mutumin kirki da mummunar fuska. Bai ce masa ka saɓa wa uwarka ba. Ce masa ya yi, ai tausayinta za ka ji, ka je ka dawo ba ta sani ba, jininta bai hau ba, kowa ya huta.

Sai Auta ya shiga ɗakinta ya ce zai je Madina ziyara, shi da Rakan, ƙanen matarsa.

Fuskar tsohuwa ta yi haske. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka. Ta ce, "In ka tsaya gaban Manzon Allah, ka isar min da sallamata. Ka ce Fatsuma ƙafa ta hana ta zuwa." Safiyatu ta ce ya taho musu da na'ana'ar Madina. Ya ce insha Allah, yana lissafi a ransa cewa ana sayar da ita a wani shago a Kudai.

Ƙarya ba ta zama ita kaɗai. Tunda ya ce Madina, ba zai iya fita da Nawaf ba, domin uwar Nawaf kullum da la'asar tana gidansu suna shan gahawa da Hajiya. Ke nan mota ɗaya. Famfon taya da shebur ɗinsa suna wurin gyara, sai ya ari na Nawaf, ya ce wani abokin aiki ne yake so. Saura waya. Hajiya tana son kiran da ake ganin fuska, kuma in ta kira za ta ce a nuna mata koriyar ƙubbar masallacin Annabi. Don haka ya ce musu zai kashe wayarsa, yana so ya keɓe da ibada, sai dai su gan shi ranar Asabar. Rakan ma ya faɗa wa iyayensa haka.

Ku duba, ya 'yan uwa. Duk igiyar da za a jawo shi da ita in ya faɗa rami, da hannunsa ya bi ta ɗaya bayan ɗaya ya yanke.

Ranar Alhamis suka tashi. Madina tana arewa, su suka hau dutse zuwa Ɗa'if, suka zarce gabas har inda kwalta ta ƙare. Suka tsaya suka rage iskar tayoyi, suka shiga rairayi. Allah ya sani sun ji daɗi. Motar tana hawa tudu kamar za ta taɓa sama, ta tsaya a ƙoli, ta sulalo. Kafin magariba suka kafa tanti, suka hura wuta. Rakan yana yanka albasa yana kallon fili ya ce, "Yaya, wallahi Madinar nan ta canza. Ina aka kai masallacin?"

"Yanka albasarka, kai da ko shinkafa ba ka iya wankewa ba."

Suka yi dariya. Amma da suka tsaya salla a kan rairayi, Auta ya zo wurin salatin Annabi a tahiya, sai ya ji harshensa ya yi nauyi. Ya tuna da saƙon da aka ba shi. Ya ce a ransa, wata mai zuwa zan je da gaske in isar. Ya sallame, ya zuba shayi.

Kashegari suka ƙara nutsawa, domin akwai wani kwari tsakanin manyan tuddai da Auta ya daɗe yana son gani. Sun gan shi. Suna gangarawa cikinsa motar ta nutse a rairayi mai laushi har ciki. Suka haƙa da shebur, suka cusa tabarma ƙarƙashin taya, suka ƙara rage iska. Ba ta motsa ba. Sanyin da suke taƙama da shi ya riga ya tafi, rana ta fito da ƙarfinta.

Wanda ya san sahara ya san abin yi a nan. Ka zauna a inuwa, ka tattala ruwanka, ka jira a zo. To amma Auta wa zai jira? Kuma har a lokacin, abin da ya fi tsoro ba ƙishirwa ba ce. Tsoronsa kada Asabar ta wuce bai koma ba, a gane. Sai ya yi ta taka mota, tayoyi suna juyawa suna ƙara haƙa wa kansu rami, har inji ya tafasa, bututun ruwa ya fashe. Ya ɗaure shi da ƙyallen kansa. Ya ɗauko jarkar ruwan shansu.

Rakan ya ce, "Yaya, wannan fa na sha ne."

"In ta tashi, kafin la'asar muna kan kwalta. In saya maka mai sanyi."

Ya juye. Motar ta tashi, ta yi ɗan yunƙuri, ɗaurin ya kwance. Suna tsaye suna kallo rairayi ya shanye ruwan. Sai a lokacin ya kunna waya. Babu layi ko ɗigo.

A Misfala, Asabar ta zo ta wuce. Yayansa Mukhtaru ya kira wayar ya ji a kashe, ya ce bari ya sanar da hukuma. Hajiya ta hana. Ta ce, "Ku bar min yaro. Mutum yana gaban Manzon Allah, kuna so ku tayar masa da hankali? Ya samu daɗin Rauda ne ya ƙara kwana. Ni na san ɗana." Safiyatu ta so a nema, amma ta yaya za ta ja da surukarta? Sai da wurin aikinsa suka kira suna tambaya, sannan Mukhtaru ya shiga mota. Ina ya nufa? Hanyar Madina. Yana bin gidajen mai da asibitoci ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara nisa da ƙanensa.

Su kuwa suna kwance a inuwar mota, suna bin ta tana juyawa da rana. 'Yan robobin ruwa ne suka rage. Auta ya dubi Rakan, saurayin da ya ɗauko daga gidan iyayensa da sunan ziyara. In an zo shan ruwa, sai ya kai robar bakinsa, ya rufe leɓe, ya motsa maƙogwaro, ya miƙa masa.

"Yaya, ka sha kuwa?"

"Na sha. Shanye."

A duk ƙaryar da ke cikin labarin nan, wannan kaɗai muke fata Allah ya ba shi lada a kanta.

Bakinsa ya bushe har ba ya iya kiran sunan Allah da murya. Abin da yake ta juyawa a ransa shi ne, yanzu haka uwarsa tana kan darduma tana murna, tana roƙon Allah ya karɓi ziyarar ɗanta.

Allah mai tausayin bayinsa ne. Nawaf ya shigo gaida Hajiya, ya tarar da gida a rikice, ana ta maganar hanyar Madina. Sai ya tuna da kayan da Auta ya ara a wurinsa, ya gane ba abokin aiki ba ne. Ya ce, "Ummi, hanyar Madina kwalta ce tun daga ƙofar gida. Me mutum zai yi da shebur da famfon taya?" Ya tuna da kwarin da Auta yake yawan ambata. Ya kira samarin nan masu neman ɓatattu a sahara don Allah, suka ɗauki motoci suka nufi gabas.

Sun same su. Rakan yana zaune, yana iya ɗaga hannu. Auta yana kwance, ba ya amsa sunansa.

Ya rayu, amma ƙodarsa ba ta tashi ba. Yanzu wankin ƙoda ake yi masa, ya je asibiti ya kwanta injin yana juya jininsa. Bas ya gagare shi, aiki ya tafi. Mutumin da yake ciyar da gida, yanzu Mukhtaru ne yake kawo musu cefane. Surukinsa ya zo duba shi sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Allah ya sawwaƙe, bai ƙara ko kalma ba. Safiyatu tana nan tana jinyarsa, ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai ta daina tambayarsa komai.

Amma ba waɗannan ne suka karya shi ba. Ranar da ya farfaɗo aka turo Hajiya a keke har bakin gadonsa. Ya rufe ido yana jiran faɗa. Sai ya ji ta kama hannunsa tana shafawa.

Ta ce, "Auta, da ka ce min sahara za ka, da na yi fushi. Da na ƙi amsa gaisuwarka. Amma da rana ba ta faɗi ran Asabar ba sai na tayar da Makka kaf a nemo min kai. Sai ka sa ni da bakina na ce kada a neme ka."

Ya ce, "Ummi, ki yafe min."

"Kai na yafe maka tun ba a gan ka ba. Kaina ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Tun daga ranar tsohuwar nan ba ta koma daidai ba. Har yau in ya dogara sanda ya ce mata, "Ummi, zan je masallaci," sai ta ɗago ta ce, "Wanne?" Shi kuma ya faɗa, ya tsaya a bakin ƙofa har sai ta gyaɗa kai.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai cuci kowa a kasuwa ba. Ƙarya ya yi wa wadda ta haife shi, kuma ya lulluɓe ƙaryar da sunan ziyarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya ɗauki abin da uwarsa ta fi girmamawa a duniya ya rufe mata ido da shi. Mu da muke zaune kusa da Harami, sau nawa 'ya'yanmu suke cewa za su ɗawafi alhali wani wuri suka nufa? Sun san in sun ambaci Harami bakinmu ya mutu. Ba su san cewa ranar da za su buƙaci a neme su, can za a je nema ba.

Ku samari, ku gaya mana inda za ku. Ko za mu yi faɗa, ku faɗa. Fushin uba yana hucewa kafin shayi ya huce. Abin da uba ba zai iya ɗauka ba shi ne ya rasa ta inda zai fara neman ɗansa.

Mu kuma iyaye, mu duba kanmu. Tsoro yana sa mu hana komai, har yaro ya ga gaskiya ba ta da ƙofa a wurinmu. In ɗanka ya zo ya ce sahara za shi, ka danne zuciyarka ka tambaye shi, da wa, mota nawa, ta wace hanya, yaushe za ka dawo. Gara ka kwana da fargabar wurin da ka sani.

Ya Allah, ka ba bawan nan naka lafiya, ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Ka sa gaskiya ta yi sauƙi a bakin 'ya'yanmu, ka sa jin ta ya yi sauƙi a kunnuwanmu. Duk wanda ya fita daga gidajenmu, ka dawo mana da shi da ƙafarsa. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu baki ɗaya. Amin.