Tunau Masaƙi a Cikin Alkyabbar Sarki

Ku matso kusa, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari wai shi Ruwan Tsamiya, an yi wani masaƙi sunansa Tunau. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Tsayinsu ɗaya da sarkin garin.

Ana nan, sai sarki ya kwanta ciwo, ya daina fitowa. Sai Galadima Bagudu, wanda ke riƙe da fada, ya sa dogarai suka shigo da Tunau ta ƙofar baya. Ya gaya masa wai in talakawa suka ga karaga babu kowa gari zai rikice, don haka shi zai riƙa zama a madadin sarki.

Sai Tunau ya faɗi ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ko gaisuwar fada ban iya ba."

Galadima ya ce, "Ba kai za a kalla ba, kaya za a kalla. Ran da ka buɗe baki kuwa, ran nan za a raba kanka da wuyanka."

Sai aka saka masa riguna uku, aka yafa masa alkyabba mai zaren zinariya. Aka naɗa masa rawani mai kunne biyu, aka ja amawali ya rufe masa baki da hanci, sai idanu kawai. Aka buga tambari, aka busa kakaki, aka fito da shi ƙarƙashin laima. Jama'a duka suka zube. Babu wanda ya ɗaga kai. Shi kuwa Tunau gumi na bin bayansa a cikin riga.

Ran farko manoma suka kawo ƙara kan iyakar wata fadama. Sai Galadima ya kara kunnensa kusa da amawali kamar yana saurare. Ya miƙe ya ce sarki ya yanke, fadamar ta koma hannun fada. Manoma suka yi godiya, suka fita jiki a sanyaye. Tunau ya kasa cin tuwon da aka kai masa.

Rana ta biyu dattawan unguwanni suka zo gaisuwa. Sai Galadima ya sake kara kunne. Ya ce sarki na son a gina masa soro wanda za a hango daga garin maƙwabta, domin su san darajar gidan nan. Kowane gida ya ba da namiji guda, ko da damina ce. Dattawa suka dubi juna, suka dubi alkyabba tana walƙiya, suka ce sun ji sun bi. Tunau ya ciji amawali har ya jiƙe.

Rana ta uku sai ga wata tsohuwa da sanda, Inna Tabawa, mahaifiyar Tunau. Ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa. Ta ce ɗanta ya ɓace kwana uku ke nan, ta duba rijiyoyi, ta duba bayan gari. Sarki ya taimaka a nemo mata shi.

Sai Galadima ya kara kunne. Ya miƙe ya ce sarki ya san labari, ɗanta gudun aikin soro ya yi, saboda haka a fitar da ita daga gari kafin la'asar.

Tsohuwa ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki. To a bar ni in ɗauki tabarmata."

Dogarai suka kama hannunta. Tunau ya dubi takubbansu. Sai ya ɗaga hannu, ya ja amawali ƙasa.

Ya ce, "Inna, ni ne. Ban ce komai ba. Tun shekaranjiya ban ce komai ba."

Galadima ya daka tsawa a sare shi, amma babu dogarin da ya motsa, don kowa ya ga fuskar masaƙi. Sai dattawa suka tashi, suka kutsa cikin gida neman sarki. Suka tarar ashe ya rasu tun kafin a ɗauko Tunau, Galadima ya sa an binne shi a ɓoye.

Ran nan aka tuɓe rawanin Galadima, aka kore shi daga gari. Manoma suka koma fadamarsu. Tunau ya cire alkyabba, ya ninke ta, ya ajiye bisa karaga, ya riƙe hannun mahaifiyarsa suka tafi gida. Har ya tsufa, in ya ji tambari daga nesa yana saƙa, sai zare ya tsinke masa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan ta tsaya. In kun ga kaya masu ƙyalli ana ce muku ku sunkuya, ku fara sanin wane ne a ciki, kuma wa ke magana da sunansa.