Gwiwoyin Sarki Jatau

A zamanin da aljanu ke amsa sallama, an yi wani sarki a Birnin Kurmi, Jatau ɗan Gwamma, mai giwaye da garuruwa, wanda gwiwoyinsa suka yi masa tawaye har sujada ta gagare shi. Ya kira Barde Tanimu, jarumin jiya, mai sanƙo da tumbi, wanda shi ma sai ya dafa bango yake miƙewa, ya ce, "Barde, an ce a tsibiran Japan duwatsu na aman ruwan zafi mai magani. Ka zaɓo mini wanda ya fi, ko ka ajiye rawaninka."

Wani aljani ya goya Barde, ya sauke shi a galabaice a fadar Sarauniya Yukino, uwar maɓuɓɓugai. Ta nuna masa tafkuna masu tururi: wani fari fat mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, na farar wuta, maganin ƙaiƙayi, wani ja wur kamar tsatsa, na masu ƙarancin jini, wani mai santsi kamar jiƙon kanwa, mai mayar da fatar tsoho ta jariri, can a ƙurya kuma mai gishiri, wanda ba ta ce komai a kansa ba.

Barde ya ciro ludayi zai ɗanɗana. Sarauniya ta ce, "Baƙo, ba miya ba ce. A nan mutum kan cuɗa jikinsa fes, ya shiga yadda aka haife shi."

"Ranki ya daɗe, har wando?"

"Har layu," in ji ta, ta juya ta tafi.

Ya dubi tsofaffin aljanu da birai jiƙe har wuya, ya tuna rawaninsa, ya tuɓe yana salati. Ya bi tafkunan ɗaya bayan ɗaya, ya dahu, ya yi wari, har ya faɗa mai gishirin, ya fito ya tsuguna ba nishi. Ya miƙa gora zai ɗiba, aljanun suka ce ruwan in ya huce ya mutu, sai dai mai ciwon ya zo da kansa.

Ya koma ya faɗi gaban sarki, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso zancen wando. Sarki ya daɗe yana kallon gwiwoyinsa, sannan ya ce, "Kai kaɗai za ka raka ni."

Suka je, suka dawo. Ran Juma'a Sarki Jatau ya kai goshinsa ƙasa, gari ya ɗauki kabbara, Barde ya tsira da rawaninsa har da ƙarin alkyabba. Sai dai daga ranar, har Allah ya karɓi rayukansu, ba su sake haɗa ido a fada ba. Allah ya rufa mana asiri.