Doron Wuyan Jita

Akwai wani masassaƙi a gindin wani dutse, sana'arsa ƙera jita, abin kiɗa mai tsirkiya. Yana da 'yar'uwa, yayarsa Rifkatu, wadda take kaɗa wa mawaƙan ikkilisiya, amma yatsunta sun fara sagewa saboda tsufa. Sai ya ɗauko guntun katakon maɗaci na ƙarshe daga itacen da mahaifinsu ya dasa, domin ya yi mata jita kafin ranar godiyar girbi.

A kan wuyan jita akwai katakon da yatsu suke tafiya a kai. Ya goge shi ya yi masa doro, don yatsa ya kwanta ba wahala. Da sakaina guda mai lanƙwasa ya auna doron, tun daga sama har ƙasa, bai canja ba.

Rifkatu ta gwada. A saman wuyan muryar jitar ta fito zaƙwai. Da ta gangara ƙasa ta ja tsirkiya gefe, sai tsirkiyar ta taɓa doron, muryar ta shaƙe.

Ta ce, "Auta, ka yi mini jita mai mura. A nan waƙar Baba take hawa, a nan kuma ta mutu."

Ba wani katakon. In ya kankare fiye da kima, shi ke nan.

Ya zauna a bakin rumfa da safe yana kallon dutsen. Kan dutsen a dunƙule yake, gajimare yana ratsa shi. Daga nan yana saukowa, yana buɗewa a hankali, har ya baje ya zama fadama, ba wanda zai nuna inda dutse ya ƙare.

Ya ajiye sakainar. Ya bar doron sama yadda yake, ya riƙa gogewa yana gangarowa, kaɗan-kaɗan, kwana uku, har ƙasan ya kusa shimfiɗewa. Ranar godiya Rifkatu ta kai waƙar har ƙololuwa, ta rufe ido, muryar ba ta karye ba.

Ma'anar misalin nan ita ce, Ubangiji ba ya goge mu da ma'auni ɗaya. Inda muke da rauni yakan tanƙwara don mu iya riƙewa, inda muka girma yakan buɗe mana wuri. Iyaye da malamai, yadda kuka riƙe yaro yana shekara biyar, in kuka riƙe shi haka yana sha biyar, muryarsa za ta shaƙe. Ku ajiye sakainar, ku dubi yaron.