Harsashin da Orrin Bai Leƙa Ba

Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a filin harbi da ke bayan garinsu a jihar Idaho ta Amurka, Orrin Tackett ya ja kunamar bindigarsa ya ji ƙyas, harsashi bai tashi ba. Orrin makaniken tarakta ne, hannunsa ya iya aiki, amma Allah ya yi shi da gaggawa. Ko kofi ba ya jira ya huce. Bindigar ta marigayi mahaifinsu ce, ƙarama mai cin harsashi shida, da ita tsohon ya ci gasar garin sau huɗu. Saura mako biyu a yi gasar bana, Orrin kuwa ya rantse da ita zai shiga.

Kamar yawancin maharban yankin, da kansa yake cika harsashinsa a gareji: tsohon kwanso, sabon ƙyastu mai kunna wuta a gindinsa, albarushi, sai dalma a kai. Mahaifinsu yakan jera kwanso hamsin a faranti, ya haska tocila ya leƙa kowanne, sai ya ga albarushi da idonsa kafin ya ɗora dalma. Orrin ya sayi injin cika harsashi mai sauri, ya daina leƙawa.

A ranar, uku cikin hamsin suka ƙi tashi. Ya koma gida yana huci, ya tarar da yayarsa Lorna, malamar makaranta, ta kawo masa kek ɗin tuffa.

"Ƙyastun nan na bana duk na banza ne," in ji shi.

"Ka duba ne, ko ka yanke hukunci tun a mota?" Ta ɗauki ɗaya daga cikin ukun, ta shafa gindinsa da yatsa. "Wannan bai zauna ba, ga shi ya ɗan turo. Ka yi yadda Baba yake yi mana. Canza abu ɗaya, ka rubuta a kati, ka gwada. In ba shi ba ne, ka koma na gaba."

"Yaya, nan ba aji ba ne. Mako biyu gare ni."

"Bindigar fa ta mu biyu ce, Sarkin Sauri. Bar maka na yi."

Bai ji ba. A wuni ɗaya ya canza ƙyastu, ya canza sifirin ɗin bindigar, ya sayo wani albarushi. Asabar ta zagayo, biyu suka ƙi tashi, yanzu kuma bai san wanne cikin canje-canjen zai zarga ba. Ya mayar da tsohon sifirin. Ya wanke bindigar sau uku. Ya zagi kamfanin da ya yi injin. Hannun kansa ne kawai bai taɓa tuhuma ba.

Wendell Pruitt, dattijon da ke kula da filin, abokin mahaifinsu ne. Ya ja Orrin gefe.

"Ɗana, harsashin da ya yi maka ƙarya sau biyar ba a shiga gasa da shi. Ware su duka, ka warware ɗaya bayan ɗaya. Ka sayi na kanti ka yi gasar bana."

"Na kanti? Baba bai taɓa harba na kanti ba."

"Babanka kuma bai taɓa cika ɗari biyu kafin abincin rana ba. To ka dai riƙe wannan: in ka ji ƙara ba ta cika ba, sauke hannunka. Dalma na iya maƙalewa a bututu."

"Na sani, tsoho, na sani."

Ranar gasa Orrin ya fara da sa'a. Faranti huɗu na ƙarfe ya kayar a jere, agogo na gudu, Lorna na tsaye bayan igiya. A harbi na biyar, maimakon daram, sai bindigar ta ce fus, ko motsi ba ta yi a hannunsa ba. Ya ji. Ya san ya ji. Amma saura faranti biyu, kuma ya gaji da harsashin da ke kunyata shi a gaban mutane.

"Tsaya!" Wendell ya daka tsawa. "Orrin, tsaya!"

Ya riga ya ja. Harsashi na shida ya ci karo da dalmar da ta maƙale, bututun ya kumbura ya tsage.

An yi wa Orrin ɗinki bakwai a hannun hagu. Maƙerin bindigogi ya duba bindigar ya ce ba ta gyaruwa. Washegari Lorna ta zauna a gareji ta warware sauran harsashi casa'in da huɗu. Biyar ba albarushi a cikinsu, irin wanda ya bar dalma a bututu, tara ƙyastunsu bai zauna ba. Injin lafiyarsa ƙalau. Orrin ne ba ya kai mariƙin injin ƙarshe in yana sauri. Ta naɗe bindigar a tsohuwar rigar mahaifinsu, ta tafi da ita gidanta.

Darasin da ke nan shi ne, in abu ya ƙi aiki, gargaɗi yake yi maka. Ka tsaya ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ka fara da tuhumar hannunka kafin ka zargi kayan aiki. Kada ka raina ƙa'idar da na gaba suka bari don tana cin lokaci. Gasa tana dawowa kowace shekara, amma abin da gaggawa ta fasa ba ya dawowa.